Kumfa Mai Ɗumi a Safiyar Hunturu: Yadda Ake Aski da Sikatil

Duk wanda ya saba yi wa kansa gyaran fuska da burushi da sabulu ya san wannan matsalar, musamman in hunturu ya kankama. Ka dafa ruwa, ka wanke fuska, ka haɗa kumfa mai kyau, ka yi zagayen farko lafiya lau. Kafin ka ɗauraye fuska ka waiwayi burushin don zagaye na biyu, kumfar ta yi sanyi ƙarara kamar daga randa aka ɗebo ta. A Jos ko Zariya cikin watan Janairu, minti uku ya isa. Daga nan sai jiki ya takura, hannu ya fara gaggawa, kuma yawancin yankewa a wannan gaggawar ake samun ta.

Akwai kwanon tangaran da aka ƙera musamman don wannan, Turawan Ingila suna ce masa sikatil. Na daɗe ina amfani da shi, kuma abin da zan fi nanatawa a nan shi ne aikinsa riƙe ɗumi ne kawai. Wanda ya mai da shi tukunyar dafa kumfa zai ɓata sabulunsa, ya lalata burushinsa, wataƙila ma ya fasa kwanon.

Iri biyu ne, kada a sayar maka da wanda ba shi kake nema ba

Sikatil na asali ya yi tashe a Ingila a ƙarni na 19, zamanin Sarauniya Biktoriya, lokacin da galibin gidaje ba su da famfon ruwan zafi. Siffarsa kamar ƙaramar buta ce mai faffaɗan baki. Ana zuba ruwan zafi a ciki, a samansa kuma akwai ɗan faranti mai huda-huda inda ake ɗora sabulu. Mai aski zai tsoma burushi ta bakin, ya jiƙa shi da ruwan zafi, ya goga a kan sabulun, ruwan da ya rage ya tsiyaye ta hudojin ya koma ciki. A fuska ake haɗa kumfar, kwanon ba shi da wurin yin ta. Har yanzu ana samun irinsa wajen masu sayar da kayan tarihi, kuma abin sha'awa ne a ajiye, sai dai ba ya riƙe ɗumin kumfa.

Na zamani, wanda maginan tangaran a Amurka da Kanada suka yaɗa a shekarun 2000, kwano ne a cikin kwano. Tsakanin bangon ciki da na waje akwai fili da ake cikawa da ruwan zafi ta wani ɗan baki, wasu da abin toshewa, wasu babu. Kwanon ciki yakan zo da zane-zane masu tudu a ƙasansa don su taimaka wa burushi wajen tayar da kumfa. Matsakaici yana cin ruwa kusan ledar fiya wata ɗaya, wato rabin lita. Wannan ne nake magana a kansa.

In za ka saya, duba abu uku. Ya zama mai kauri da nauyi, domin tangaran mai kauri ya fi jinkirin hucewa. Kwanon ciki ya zama da faɗin da burushinka zai juya a sake ba tare da mariƙinsa yana bugun gefe ba. Sannan ya zama yana da hannu ko wurin riƙewa, don kwano mai ruwan zafi da hannu mai santsin sabulu ba sa jituwa.

Wanda bai samu ba kada ya damu, a kicin ɗin gidansa akwai madadinsa. Nemi kwano biyu, babba da ƙarami. Zuba ruwan zafi a babban, ka zaunar da ƙaramin a ciki yadda ruwan zai kai rabin jikinsa ba tare da ya shiga ba. In ƙaramin na tangaran ne ya fi. Kwanon silba yana ɗaukar zafi nan take, don haka sai ka rage zafin ruwan, in ba haka ba kumfar za ta bushe a jikinsa. Kaskon yumɓu na kasuwa kuwa bai dace ba, tunda ba shi da sheƙi, zai tsotse ruwa da sabulu. Magini mai aikin tangaran mai sheƙi, irin wanda aka san Suleja da shi tun zamanin Ladi Kwali, zai iya gina maka in ka nuna masa hoto.

Burushi da sabulu

Yawancin burushin aski masu araha da ake shigo da su daga Turai da gashin alade ake yin su. Ba kowane mai sayarwa ne zai gaya maka ba, wani ma bai sani ba, saboda haka karanta kwalin. Masu tsada da gashin wata dabbar daji ake yi, 'yar'uwar dage. Akwai na gashin doki, wanda aka fi yi a Sifen, akwai kuma na zaren roba. Ni na roba nake ba mutane shawara. Ba ya buƙatar jiƙo, yana bushewa da wuri, ba ya wari in sabo ne, kuma babu kokwanto a kansa. Rauninsa ɗaya shi ne ba ya riƙe ɗumi kamar gashin dabba, kuma wannan giɓin ne sikatil yake cikewa.

Sabulun wanka ba zai yi wannan aiki ba. Kumfarsa ba ta jimawa, kuma ɗumi zai ƙara saurin kashe ta. Nemi sabulun aski na gaske, kamar Arko na Turkiyya, wanda yake da araha kuma ba ya gardama, ko Proraso na Italiya, ko Tabac na Jamus, ko man aski na Palmolive mai zuwa a cikin matsi kamar man goge baki. Wasu sabulan da kitsen dabba ake haɗa su, wasu da man tsirrai zalla, kuma ana rubutawa a jikin kwali ga mai son ya tantance. Proraso mai koren kwali yana da mantol, mai sanyaya fata. A ganina asara ce a ɗumama shi, a bar shi sai bazara.

Sai ruwa. Ruwan burtsatse da na rijiya a wurare da yawa yana da nauyi, wato yana ɗauke da sinadaran kalsiyam da magniziyam masu kama sabulu su hana shi kumfa. In ka ga butar dafa ruwanka tana yin farin ɓawo a ciki, ruwanka irin wannan ne. Sikatil ɗin kam cika shi da kowane ruwa, amma wanda zai taɓa sabulu gara ya zama ruwan sama da aka tara ko na leda. Kofi ɗaya ya isa aski.

Mataki na farko: ɗumama kwanon kansa

Nan ne akasarin mutane suke kuskure. Tangaran mai sanyi yana shanye zafin ruwan farko da aka zuba masa, kamar yadda filas yake yi in ba a ɗauraye shi da ruwan zafi ba kafin a zuba shayi. Saboda haka sau biyu ake zuba ruwa.

Kada ka zuba tafasasshen ruwa kai tsaye. Sikatil ɗina na farko haka na rasa shi. Ya kwana a banɗaki cikin sanyin Disamba, na sauke ruwa daga wuta na juye masa, sai na ji ƙas, ya tsage tun daga baki har gindi. Tangaran ba ya jure sauyin zafi na farat ɗaya, bangon da ruwan ya taɓa yana buɗewa kafin ɗaya ɓangaren ya motsa.

Abin da nake yi yanzu shi ne in surka: rabi tafasasshe, rabi na sanyi. Wannan yana ba da ruwa mai kusan digiri 60 a ma'aunin Selshiyos. Ba ka buƙatar ma'auni, in za ka iya tsoma yatsa ka cire nan da nan ba tare da ka ƙone ba, ya yi. Cika filin da ke tsakanin bangon, ka zuba kaɗan a kwanon ciki shi ma, ka bar shi minti uku zuwa biyar. In ka haɗa ruwan da yawa, zuba ragowar a filas don zubi na biyu.

In burushinka na gashin dabba ne, wannan ne lokacin jiƙa shi, amma a wani kofi daban, da ruwa mai ɗumi irin na wankan jariri. Gashin kaɗai za ka tsoma, kada ruwan ya kai inda gashi ya haɗu da mariƙi. Gam ne ya riƙe su a wurin, zafi yana sassauta shi, daga baya ka ga burushi yana zubar da gashi a fuskarka. Na roba tsomawa ɗaya ta ishe shi.

Ɗiga ruwan ɗumi kamar cokalin shayi ɗaya a kan sabulun, in mai tauri ne, don samansa ya yi laushi.

Mataki na biyu: shirya fuska yayin da kwano ke ɗaukar ɗumi

Kumfa mai ɗumi ba za ta maye gurbin wannan ba. Abin da ke sa gashi laushi ruwa ne, ɗumi yana hanzarta shigarsa ne kawai. Busasshen gashin gemu yana da tauri ƙwarai, amma in ya sha ruwan ɗumi na minti biyu zuwa uku sai ya kumbura ya yi sauƙin yankewa. Wanzamai sun san haka tun kafin a kawo mana burushi. Wanzami ba ya zaro aska daga zabira sai ya jiƙa kai ya murza, ya sake jiƙawa ya sake murzawa. Mafi sauƙi shi ne ka yi wanka kafin aski. In ba za ka yi ba, wanke fuska da sabulu don cire maiƙo, ka jiƙa ƙaramin tawul da ruwan ɗumi ka dafa a wurin da za ka aske. Kada ka goge fuskar ta bushe.

Mataki na uku: sabunta ruwa, ɗebi sabulu

Zubar da ruwan farko duka, na ciki da na tsakani. Sake cika tsakanin da ruwan filas, ka toshe bakin in yana da abin toshewa. Kwanon ciki ya kasance babu ruwa kwance, danshi kawai.

Yarfe burushin sau biyu ko uku har ya daina ɗiga. Tsiyaye ruwan da ka ɗiga a kan sabulu cikin kwanon, kada ka zubar, akwai sabulu a cikinsa. Sai ka juya bakin burushin a kan sabulun na kamar daƙiƙa 30, ba tare da ka danne shi ya baje ba. Abin da kake nema shi ne gashin ya cika da sabulu mai kauri kamar ƙullu, kumfa ba yanzu ba. Mai amfani da sikatil ya kamata ya ɗebi sabulu fiye da yadda ya saba, domin kumfa mai ƙarancin sabulu ita ce ta farkon mutuwa in ta ji ɗumi. In man aski ne na matsi, gwargwadon ƙwayar gyaɗa biyu a ƙasan kwano ya wadatar.

Kada ka ajiye sabulun kansa a cikin sikatil na zamani. Zai narke ya zama kunu, na wata uku ya ƙare a mako biyu.

Mataki na huɗu: haɗa kumfar

Sa burushin a kwano ka riƙa juyawa, wani lokaci ka ɗan danna ka saki don iska ta shiga. Da farko za ka ga abu mai kauri yana manne wa bango. Tsoma yatsu a ruwan ɗumi ka ɗiga uku ko huɗu, ka ci gaba da juyawa har ruwan ya shige. Sake ɗigawa. Haka za ka yi ta yi na minti ɗaya zuwa biyu. Ruwa a hankali ake ba kumfa, in ka kwarara shi gaba ɗaya sai ta cika da manyan ƙwayoyin iska irin na garin wanki, wadda ba ta da santsi ko kaɗan.

Kumfar da ta nuna kamar kindirmo take. Tana da sheƙi, ba ka ganin ƙwayoyin iska a cikinta, in ka ɗaga burushi tana yin tsini ya ɗan rusuna. Murza kaɗan tsakanin babban yatsa da manuniya. In ka ji santsi, ta yi. In ta yi fari fat ba sheƙi, tana tsayawa ƙiƙam, tana son ruwa. In tana gangarowa daga burushi, koma kan sabulu ka ƙara.

A sikatil ina tsayar da kumfata da ɗan ruwa-ruwa fiye da yadda zan yi a kwano mai sanyi, saboda ɗumin zai riƙa busar da ita tana zaune.

Akwai wata hanya, kuma ita na fi bi in ina amfani da sabulu mai saurin lalacewa. Ka haɗa kumfar a fuskarka kai tsaye, sikatil ya zama wurin ajiye burushi kawai tsakanin zagaye da zagaye. Kumfar da ke cikin gashin burushi ta fi samun kariya daga zafin bango, ga shi kuma murza burushi a fuska yana tayar da gashin da ya kwanta. Mai fata mai saurin jin zafi ya fi kyau ya haɗa a kwano, ya shafa a hankali kamar mai fenti.

Mataki na biyar: askin kansa

Ko gyaran kunci da wuya kake yi ka bar gemu, ko tal-kwabo za ka yi wa kai, ƙa'idar ɗaya ce. Shafa kumfa a wurin da za ka fara kawai, sauran ta zauna a ɗumi. Mai aske kai ya raba shi gida-gida: gaba, gefe biyu, ƙeya. A nan ne amfanin sikatil ya fi fitowa, domin aske kai yana ɗaukar lokaci, kuma kumfar da aka shafe kai duka da ita tana bushewa kafin a iso ƙeya.

Abin aski mai ɗaukar reza ɗaya mai baki biyu, irin wanda King Camp Gillette ya samu rajistar ƙirƙirarsa a Amurka a 1904, shi na fi yarda da shi ga gashinmu. Karkata shi kamar digiri 30 daga fata, kada ka danna, nauyinsa ya isa. Ja gajere-gajere, kana ɗauraye shi a wani ruwa daban. Kada ka ɗauraye reza a sikatil.

Bi kwanciyar gashi. Wannan ya fi komai muhimmanci ga mai murɗaɗɗen gashi. Ƙurajen aski da ke addabar da yawa daga cikinmu a wuya da ƙeya suna fitowa ne in an yanke gashi ƙasa da saman fata, ko an bar masa tsini, sai ya lanƙwasa ya soki fatar yana tsirowa. Matsalar ta yi yawa a tsakanin baƙaƙen fata har rundunar sojin Amurka ta shafe shekaru da yawa a baya tana ba wasu sojojinta takardar likita ta sassauta musu dokar aske fuska. Abin aski mai reza uku ko biyar a jere yana ƙara ta, domin ta farko tana jan gashin, na baya su yanke shi, ya koma ciki. Ja fata da yatsa don aski ya yi sumul shi ma haka yake jawowa. Bar gashinka ya yi kwana biyu, ka shafa da hannu ka gane inda ya nufa a kowane wuri. A wuya sau da yawa ba ƙasa yake kallo ba, yakan karkata gefe, wani wurin ma sama.

Ɗumi yana da wani tarko a nan. Saboda daɗinsa sai mutum ya ji kamar ya ƙara zagaye na uku da na huɗu, har ya bi gashi ta baya. In kana samun ƙuraje, tsaya a zagaye biyu, na farko bisa kwanciyar gashi, na biyu ko dai haka ko a gicciye.

Tsakanin zagaye, mayar da burushin cikin kwano, bakinsa a ƙasa. Kafin ka sake shafawa, ɗiga ruwa biyu ko uku ka juya sau kaɗan, za ka ga sheƙin ya dawo. In ka tarar kumfar ta sace ta zama kamar yanar gizo a jikin bango, ruwanka ya yi zafi da yawa. Zubar da kashi ɗaya cikin uku na ruwan tsakani, ka cike da na sanyi, ka koma kan sabulu. Kumfar da ta dace a fuska ɗuminta ya ɗan ɗara na jiki ne kawai. In ka ji tana ƙuna, ta wuce, kuma fatar da reza ta bi sau ɗaya ba ta son zafi.

Rezarka taka ce kai kaɗai, ko ɗan'uwanka uwa ɗaya uba ɗaya kada ku haɗa. Ciwon hanta nau'in B yana bi ta ɗigon jinin da ido ba ya gani.

Bayan an gama

Ɗauraye fuska da ruwan ɗumi don cire sabulu, sannan da na sanyi. Jiƙa ɗan dutsen alif, wanda ake sa wa ruwa ya kwanta, ka goga a hankali. Yana tsayar da ƙananan jini, kuma inda ya yi maka raɗaɗi sosai nan ne ka danna reza, gobe sai ka kula. Bar shi minti ɗaya ka wanke, domin yana busar da fata. A hunturu shafa man kaɗanya kaɗan, ka narkar da shi a tafin hannu tukuna.

Ruwan da ya rage a sikatil har yanzu yana da ɗumi kuma tsabtatacce ne, da shi nake wanke burushi. Matse gashin a hankali har ruwa ya fito garau, ka yarfe, ka goga a tawul, ka ajiye inda iska ke shiga, kada ka rufe shi a durowa da danshi. Sikatil ɗin kuma cire abin toshewar, ka juye ruwan duka, ka kife shi ya tsane. Ruwan da aka bari ya kwana a tsakanin bango yana wari, kuma hannu ba ya shiga wurin balle a goge. In ruwanku mai nauyi ne, sau ɗaya a wata matse lemon tsami biyu a ruwan ɗumi, ka tace, ka cika tsakanin, ka bar shi awa ɗaya, ka girgiza ka ɗauraye sosai.

In bazara ta shigo, Maris zuwa Mayu, ba sai ka ɗaga shi sama ba. Shirya fuska da ruwan ɗumi kamar kullum don gashi ya yi laushi, amma tsakanin bangon cika shi da ruwan randa ko ka jefa ƙanƙara biyu ta bakin. Lokacin ne za ka fito da sabulun nan mai mantol.